Giwan Ruwan da Matata Ta Kama a Bakin Teku

Mahaifin matata ya rasu a Yauri cikin azumin shekarar da korona ta fara, muna hawa na goma sha huɗu a wani gida a unguwar Danau Kota, can ƙasar masu jin Malayanci. Babu jirgin da ke tashi, ko ƙofar unguwa ba a fita sai mutum ɗaya zuwa cefane. Aka yi jana'iza, aka yi addu'ar uku da ta bakwai, duk ta waya muka ji. Ni ina karatun digiri na uku, ita ta biyo ni ne shekara guda kafin nan.

Basarke ne mahaifin nata, wato masunci, sana'ar su ya gada, a kan kogin Kwara ya tsufa. Ni kuwa ɗan cikin ganuwar Kano ne, ban san kifi ba sai a faranti. Bayan rasuwar ta daina ambatonsa gaba ɗaya. Tana girki, tana salla, tana amsa gaisuwar matan ɗalibai, amma in na ɗauko zancensa sai ta tashi ta shiga wanke kwanon da ba shi da datti.

Wata rana da hantsi na leƙa wayarta, na ga abin da take kallo. Wani Bature ne tsaye kan duwatsu a bakin teku, lokacin zafinsu, yana jefa fatsa yana naɗowa, yana ciro wani kifi mai ruwan tagulla da suke kira folak. Ba tana a ƙugiyarsa, ba wani koto, sai ɗan kifin roba da yake ja cikin ruwa.

"Me ya burge ki a nan?" na ce.

"Ba burge ni ya yi ba, Malam. Mamaki nake. Kifin ƙasarsu ba shi da wayo ne? Ya ga roba ya haɗiye?"

Ta ci gaba da kallo. Washegari ma haka, jibi ma haka. Ban yi shawara da ita ba, na yi odar sandar fatsa da keken naɗe zare da kifayen roba guda biyar. Da mai kawo saƙo ya ajiye a ƙasa na hauro da shi, ta buɗe, ta ɗaga ɗaya ta shinshina.

"Ko ƙarni babu," ta ce. Amma ba ta mayar cikin kwali ba.

Ta cire ƙugiyoyin daga jikin ɗaya, ta ajiye bokiti a ƙarshen falo, ta riƙa jefawa daga ƙofar ɗaki. Ranar farko ta fasa mana kofin shayi. Kafin sati ya zagayo, in ta jefa goma, bakwai na faɗawa cikin bokitin. Ina zaune ina rubutu, ina jin ƙarar robar tana dukan gindin bokiti, har na saba, in ta daina sai na ɗaga kai.

Da aka sassauta kulle bayan salla, na ari motar wani abokin karatuna, muka fita bayan azahar muka nufi wajen Kuala Selangor. Tafiyar ta fi awa guda. Inda muka tsaya bai yi kama da na Baturen ba ko kaɗan. Ruwan launin koko ne, ga laka, ga warin ɗanyen kifi, sai wani dogon jerin duwatsu da aka zuba daidai inda kogi ke shiga teku. Mutum ɗaya muka tarar, wani dattijo Bamale, wato ɗan ƙasar, da takunkuminsa a haɓa, zaune kan kujerar roba da fatsa biyu. Da ya gan mu ya ja takunkumin ya rufe hanci, muka yi sallama daga nesa. Ganin sandar a hannun mace, ni kuma da ledar abinci da tabarma, ya yi dariya ya ce, "Boleh, boleh," wato ba laifi.

Na ɗauka za ta fara jefawa nan take. Sai ta tsuguna kan dutse, ta tattara hijabinta, ta zuba wa ruwa ido har na fara gajiya.

"Me muke jira?"

"Ruwa na shigowa. Ka ga can inda kumfa ta yi layi? Ruwa biyu ne suka haɗu. Ƙananan kifi nan suke rikicewa, babba kuma yana laɓe a gindin dutse yana jiransu."

"Baturen ne ya ce haka?"

"A'a," ta ce. "Baba ne."

Na juya na shimfiɗa tabarma, don na ji tsoron kada tambaya ta kore abin da ya fara fitowa.

Ta jefa. Ta naɗo a hankali, tana ɗan fizgar bakin sandar, ta sake jefawa. Muka yi la'asar kan tabarma, ta koma. Kifin roba biyu suka maƙale a duwatsu suka tsinke. Na karɓa na gwada sau ɗaya, zaren ya cukurkuɗe, dattijon ya taso ya warware mana da haƙuri, yana yi yana yi mini bayani da Malayanci wanda rabinsa kawai na gane. Ya duba sauran ukun, ya nuna wani fari mai jan kai, ya ce ta sa wannan.

Rana ta yi sanyi sosai lokacin da sandar ta lanƙwashe. Na zaci dutse ne kuma, sai na ji keken yana kuka, zare yana fita. Wani abu fari ya yi tsalle sama ya buɗe baki ya koma. Na rasa abin yi, na riƙe bayan hijabinta kada ta zame. Ita kuwa ba ta ko ɗaga murya ba. In ya ja ta sakar masa, in ya tsaya ta naɗo, tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin akuya. Dattijon ya sauka da 'yar komarsa ya kwaso shi.

"Siakap," ya ce, sunan kifin ke nan a wurinsu, yana ɗaga mata babban yatsa.

Ta durƙusa ta duba shi: ƙanƙanen kai, ƙusumbin baya, faffaɗan baki, ido kamar an kunna fitila a ciki. Tsawonsa ya kai kamu ɗaya da ɗan ɗori.

"Malam, giwan ruwa ce," ta ce. "Wallahi ita ce. Me ya kawo ta nan?"

Muka sa shi a bokitin dattijon da ruwa. Ta ce in ba ta waya, ta buga kiran bidiyo gida. A gida lokacin hantsi ne, Inna, mahaifiyarta, tana cikin takaba. Hoton ya daɗe yana karkarwa kafin fuskarta ta tsaya. Matata ta juya wayar kan bokitin.

Inna ta kalla ta kalla, sannan ta ce, "Wa ya kama?"

"Ni, Inna."

"Da me?"

"Da roba."

"Da roba." Na ji tsohuwar ta yi 'yar dariya, irin wadda ta daɗe ba a yi ba. "To ai wannan jaririya ce. Da Babanku ne, mayar da ita zai yi, ya ce ta je ta kira uwarta."

Nan matata ta zauna kan dutse ta yi kukan da ba ta yi ba tun azumi, Inna na yi daga can, suna yi suna dariya. Dattijon ya koma kujerarsa ya juya mana baya, ya shiga gyaran fatsar da ba abin da ya same ta.

Da suka gama ta ɗauki kifin da hannu biyu ta sauka bakin ruwa. Dattijon ya ce a wurinsu wannan babba ne, ya isa mutum huɗu. Ni ma na ce, "Hajiya, awa guda fa muka tuƙo." Ta riƙe shi cikin ruwa har ya motsa wutsiya, ta sake shi.

A hanyar dawowa muka tsaya wani kedai, shagon abinci, muka yi tapau, wato aka ƙunshe mana soyayyen kifi da shinkafa. Tana ci a mota tana ba ni labarin ranar da Baba ya ɗauke ta a kwale-kwale tana 'yar shekara shida, a ɓoye, don mata ba sa bin su, da yadda ya saya mata rake a tsallake don kada ta gaya wa Inna, ta kuma gaya mata tun kafin su shiga zaure. Ina sauraro har na wuce mararrabar Setapak da za ta kai mu gida, sai da muka zagayo ta Chow Kit.