Lagwanin da Ba A Murzawa

Yayana tela ne a kasuwar Bodinga, kuma ya daɗe yana shan taba. Tarinsa ke tashina da asuba tun kafin ladan. Da likita ya tsorata shi, sai ya sayo sigarin lantarki a Sakkwato, da niyyar ya rage a hankali har ya bari. A cikin sigarin akwai 'yar waya a nannaɗe, an zura mata auduga. Audugar ke tsotso ruwan da ake ɗiga masa, wayar ta ɗumama shi ya zama tururi.

Wata biyu bai kunna karan taba ko ɗaya ba. Sai audugar da ya zo da ita ta ƙare, kuma babu mai sayar da irinta a garinmu. Ya gwada ta kyamis, ya ce warin asibiti take yi. Ran nan ina wanke masa riga na tsinci ashana a aljihu. Washegari na shiga mota zuwa Shagari, wurin kakarmu, wadda har yanzu take kaɗi.

"Ke da boko ya hana ki riƙa mazari, yau mi ya kawo ki ga kaɗa?" Haka take kiran auduga.

"Yaya ne, Kaka. Lagwani yake so."

"Ragon mijin nawa? Fitila ya koma?"

"Kusan haka."

Ta jawo kwando ta koya mini zaɓe: wadda ta yi fari tas, wadda in ka ja ta a hankali take miƙewa kamar ba ta son rabuwa da 'yar'uwarta. Muka gurje gurya a kan dutse, ta shiɓe ta da baka har ta tashi kamar gajimare. Daga nan ta dangwali alli, ta ɗora wani sashe a cinya ta murza shi tamau, yadda take yi wa fitilar aci-bal-bal tun tana budurwa. Na dawo gida da shi ina jin kamar magani na ɗauko.

Yaya ya yanka, ya zura, ya ɗiga ruwan, ya ja. Ya yi tari har da hawaye, ƙauri ya cika ɗakin. Da muka zaro lagwanin, bakinsa biyu a jiƙe suke, tsakiyar kuwa ta bushe ta ƙone. Murzar ta toshe wa ruwan hanya, ga kuma alli.

"Ki daina wahalar da kanki, ƙanwata," in ji shi. Na ga hannunsa ya nufi aljihu.

"Ba ni kwana biyu."

Akwai sauran shiɓaɓɓiyar da Kaka ba ta murza ba. Na tafasa ta sau biyu a sabuwar tukunya, na ɗauraye, na shanya a faifai cikin ɗaki, na rufe da mayafi. Ranar da ta bushe na wanke hannu, ko mai ban shafa ba. Na tsage ta a tsaye, ta inda gashinta ya kwanta, na murza tsinin kawai don ya shiga cikin wayar. Ta farko ta yi kauri ta lanƙwasa wayar. Ta biyu ta sulale ta faɗo. Ta uku ta shiga da ɗan turjiya. Na datse bakunan, na barbaza su da allurar Yaya, na hana shi taɓawa sai da ta jiƙu sosai.

Ya ja. Na jira tarin, bai zo ba. Ya sake ja, sannan ya ciro ashanar daga aljihu ya miƙo mini.

"Ki kai wa Inna ta hura wuta."

Ban janye hannuna ba. "Saura fa, Yaya?"

Sai ya cire hularsa, ya zaro kara biyu daga naɗinta, ya ɗora mini a tafi.