Jirgin da Ya Shigo Shiru

Ni 'yar unguwar Dogo Tebo ce a Potiskum, ruwan da na sani bai wuce na rijiya da na kwata ba. Sai ga saƙo cewa Baba yana kwance a wani tsibiri cikin tafkin Chadi, inda yake sayen bandar kifi, ciwo ya ci ƙarfinsa. Wannan kafin hanyar tafkin ta lalace ne. Yayana ya ce zai je ya ɗauko shi, na ce ƙafarsa ƙafata.

A Doron Baga muka shiga jirgin katako maƙare da buhunan gero. Ko bakin ruwa ba mu bari ba injin ya yi tari ya mutu. Bakanike ya kwance shi, ya tura a baro, ya ce gobe. Goben bakanike kuwa kowa ya san ta. Mai jirgin, wani dattijo mara yawan magana, ya ce wanda ya sauka ya rasa wurinsa, kuma babu wani jirgin da zai nufi tsibirin nan kusa. Sai muka tare a ciki.

A kan buhu nake shimfiɗa tabarmata, a kan buhu nake salla a zaune. Katakon yana yoyo, kullum da safe sai mun kwarfe ruwa da yankakkiyar jarka. Jirgin na yin motsi, sai in ƙanƙame buhu. Yaya ya yi ta yi mini tsiya, wai mai tsayawa faɗa da masu keke napep a Potiskum, yau ga ta ta rungume buhu.

Wata rana da hantsi wani jirgi ya ɓullo daga cikin ciyawa babu ƙarar inji, ana tura shi da gora. Masu gyaran kifi suka miƙe, hira ta mutu. Aka sauko da mutum naɗe a tabarma. Mai jirginmu ya ce mini, "Haka muke yi, 'yata. In da gawa, tun daga nesa ake kashe inji."

Daga ranar na manta da tsoron ruwa. Duk jirgin da na hango sai in kasa kunne har sai na ji ƙarar inji. Abinci ya daina wuce mini. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba, kada Baba ya riga mu motsawa, ya zo ya same mu a tabarma.

Da bakanike ya ce sai an kawo wani ƙarfe daga Maiduguri, na sa mai jirgi a gaba da kuka, mu tafi ko babu inji. Akwai ɗinkakkun buhuna a ƙasan jirgin da ake ɗaurawa a gora iska ta tura. Ya dubi iskar, ya ce, "Za ta kai mu. Amma ba na son shiga gari shiru." Na ce ni dai mu je.

Iska ta kai mu. Tun daga nesa na ga mutanen tsibirin suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya. A gabansu ga Baba, ya rame ƙwarai, mutum biyu na riƙe da shi, ƙafafunsa cikin ruwa. Ashe labari ya kai masa cewa 'ya'yansa biyu da ba su iya iyo ba suna kan tafki.

Na ɗaga murya na ce, "Baba, mu ne, lafiyarmu ƙalau. Inji ne ya lalace."

Ya kama hannuna, ya dubi Yaya, amma idonsa ya koma kan tabarmata da ke naɗe a kan buhuna. Sai da Yaya ya warware ta, ya kakkaɓe a gabansa. Sannan Baba ya saki hannuna ya zauna daɓas a cikin ruwa.