Gyaɗar da Na Naɗe wa Malam

Shekarar da aka rage ma'aikata, maigidana, Allah ya jiƙansa, ya ajiye alli ya koma noman gonar gadonsu a bayan Ungogo. Ni kuma na kama suyar gyaɗa, ina naɗe ta a tsofaffin jaridun da nake sayowa ɗauri-ɗauri ranar kasuwa. Tuwo sau ɗaya muke tuƙawa a rana, amma Malam ba yunwa ce ta dame shi ba. Tsoronsa kada fartanya ta cinye masa karatu, kuma da bakinsa ya faɗa min.

Saboda haka duk ɗaurin da na kawo, sai ya fara zare shafin wasa ƙwaƙwalwa, wannan mai gidaje farare da baƙaƙe da ake cikewa da haruffa. Bayan la'asar zai zauna gindin darbejiya da guntun fensir, ko akuya na cin shanya ba zai ɗago kai ba. Har yau ina kewar ganinsa a wurin.

Amsoshin a fitowa ta gaba ake buga su, jaridun kuwa a hargitse suke zuwa mana. Sai ya kafa min doka: duk shafin amsa, in naɗe gyaɗa da shi, ya bar gidan kafin idonsa ya kai kansa. Mutumin da ya shekara da shekaru yana zane yara kan satar amsa, ya ce ba zai tsufa ya zama ɓarawo ba.

Ana nan wata tambaya ta cije masa: babban birnin wata ƙasa, gida shida. Shi da ya koyar da labarin ƙasa. Kwana tara yana fama. Ya daina tsokanata, har tuwo yake ragewa, a lokacin da ba mai rage tuwo. Tausayinsa ya kama ni, haushin taurin kansa ma haka.

Karatuna a aji huɗu ya tsaya, amma idona ƙalau. Na zazzage ɗaurin, na bi zanen baƙaƙen gidajen har na samo shafin da ya dace. Dokarsa na bi, na naɗe gyaɗa da shi, sai dai a gefen tabarmarsa na ajiye.

Ya cinye gyaɗar tas, ya shimfiɗa takardar a gwiwa, ya daɗe yana kallo. Da ya kira ni, na fito da shirin shan faɗa, na ma tanadi abin da zan mayar.

Fensir ya miƙo min.

"Ke kika nemo, ke za ki rubuta. Ni na manta, ban sani ba."

Tun da muka yi aure ban taɓa jin wannan magana a bakinsa ba, kuma ta taɓa ni fiye da faɗan. Na durƙusa kan tabarma na soma rubutawa. Ban kai harafi na biyu ba ya kama yatsuna, ya ce ba haka ake riƙe fensir ba, sai gobe bayan la'asar in zo ya nuna min tun daga farko.