Ruwan Girman da Sarkin Fawa Ya Ɗauka

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da kwalba ɗaya ta ɓace daga firjinmu na kananzir ba. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina ƙaramin malamin dabbobi a Boɗinga, ƙarƙashin wani likita mai bincike a kan girman jiki.

Ga yadda aikin yake. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwar saniya akwai wata 'yar tsoka kamar ƙwayar gyaɗa, ita ke fitar da ruwan da ke umurtar jiki ya girma. Nakan ciro ta daga kawunan shanun da aka yanka, likita ya tace ruwan, mu yi wa wasu ɓeraye wadanni allura. Kafin ka ankara, ɓeran da bai kai babban yatsa ba ya zama ƙato.

Mai kawo mana kawunan shi ne Sarkin Fawa Ummaru na Shagari. Yana da ɗa, Bello, ya isa yin azumi amma tsayinsa na ɗan yaye. Kullum sai Ummaru ya tsaya gaban kejin ɓerayen yana kallonsu. Ran nan ya ce, "Malam, ka taimake ni da ruwanga." Na ce wallahi ba na mutane ba ne.

Bayan 'yan kwanaki da na ƙirga kwalabe na ga babu ɗaya, sai na gane Ummaru ne ya ɗauka. Na gaya wa likita, muka faɗa mota. Duk hanyar Shagari salati nake.

Mun makara. Wani mai allurar kasuwa ya riga ya yi wa yaron allurar ruwan a cinya tun shekaranjiya. Muka tarar da Bello kwance, jiki zafi rau, cinya ta kumbura suntum, ko uwarsa bai gane ba. Na ce shi ke nan, ruwan da na ciro da hannuna zai kashe ɗan mutane!

Muka kai shi asibiti Sakkwato, aka tsaga wurin aka fitar da mugunya. Da ƙyar ya sha.

A bakin asibitin Ummaru ya tambayi likitanmu, "Ranka shi daɗe, to yanzu za shi girma?"

Likita ya ce a'a. Ruwan saƙo ne kawai, kuma kowace ƙwayar jiki tana da 'yar ƙofar da take karɓarsa. Ƙofar ɓera tana karɓar saƙon saniya, ta ɗan Adam ba ta buɗe masa.

Sai Ummaru ya ce, "Ashe ɓera ya hi ɗana sa'a."

Ku yara masu shigowa aikin nan, ku riƙe wannan. Duk abin da kuka nuna yana aiki a jikin ɓera, akwai wani uba a bakin ƙofa yana kallo, yana tuna ɗansa. Tun daga ranar nake sa wa firji kwaɗo. Ummaru kuwa ya ci gaba da kawo kawuna, amma bai sake duban kejin ba.