Turancin Zuwa Kasuwa

Malaminmu na Turanci a ƙaramar sakandare a Daura yana da wani jadawali da yake zanawa a allo: mai aikatawa a gaba, aiki a tsakiya, saura a ƙarshe. Ka tsinko ɗaya nan, ɗaya can, jimla ta fito. Shekara uku muna rerawa: ina zuwa kasuwa, tana zuwa kasuwa, jiya mun je, gobe ma za mu koma. A Turancinmu ba wanda ya taɓa zama a gida, balle ya kwanta ciwo.

Ni ce gwanar ajin, kaina kuwa ya kumbura. Labari ya kai har ƙauyenmu, kusa da Mai'aduwa, cewa Turanci a bakina kamar ruwa.

Da hutu ƙafar kakata ta kumbura, ta kasa takawa. Likitan asibitin ɗan bautar ƙasa ne daga Kudu, Hausarsa ba ta wuce sannu ba. Kawuna ya ce a nemi tafinta, Kaka ta yi tsaki.

"Ga 'yar boko a gida? Ke, ɗauko mayafinki."

Muka hau babur. Muna shiga likita ya jero mini tambayoyi. Na kasa kunne ina jiran mai aikatawa ya fito a gaba yadda aka saba. Ashe bawan Allah bai taɓa ganin jadawalinmu ba.

Kaka ta zungure ni. "Faɗa masa zugi take mini, kamar ana caka allura, kuma tun shuka ta fara."

Zugi! Na laluba allon malam kaf a kaina, ba zugi, ba shuka. Na daure na buɗe baki, na shaida wa likita cewa kakata tana da ƙafa. Jimla lafiyayya, da a aji ne har tafi za a yi mini. Likita ya dubi ƙafar, ya dube ni, ya jira saura. Babu saura.

Wani dattijo mai kai shanu Legas, da ke zaune a benci yana jiran layi, ya leƙo. Da Turancin da malaminmu zai yi wa bulala goma, ya zayyana ciwon tsaf, ya dawo wa Kaka da bayanin magani. Kunya ta kama ni, na ji haushin malam, na ji haushin kaina.

Da muka isa gida kawuna ya tambaya yaya aka yi. Na sunkuyar da kai ina jiran tonon silili.

Kaka ta miƙe ƙafarta a tabarma, ko kallona ba ta yi ba.

"Ai ba ka ji ba," in ji ta. "Tana buɗe baki likita ya yi shiru."