Motar Kara ta Sarkin Rumfa

A shekarun da Nasara ba su daɗe da zama a ƙasarmu ba, ina magidanci a Aliero, ina noman albasa, ina kuma fama da i'ina tun ƙuruciya. Idan an gama girbi akan yi wasan kalankuwa: wani ya zama sarki, wani alƙali, wani dogari, a kafa fadar ƙarya a fili, jama'a su taru su sha dariya. Na nemi a ba ni sanƙira, aka ba ni don kunya. Ranar gwaji, kafin in ƙarasa kirarin farko, sarki ya shigo, ya zauna, ya yanke shari'a, ya tashi. Sai aka ce in koma bayan zana in taimaki wani dattijo da muke kira Baba.

Baba shi ne sarkin rumfa. Sana'arsa baibayar ɗaki, amma da kaka shi ke kafa zanar da 'yan wasa ke ɓuya a bayanta su sa kaya. Shi ke saƙa gemun alƙali da rama, shi ke shafe ƙwarya da farar ƙasa ta zama hular Nasara. Bai taɓa kallon wasan daga gaba ba. Da kunne yake binsa, yana zaune kan turmi da basilla a hannu. In dariya ta zo inda bai kamata ba sai ya ce gemu ya faɗi, kuma sau da yawa gemun ne.

A garin nan shi kaɗai ne ba ya ƙarasa mini magana. Zai ajiye basilla ya jira ni, ko da abin da zan faɗa bai wuce igiya ta ƙare ba.

"Ɗana, nan ba mu sauri," yakan ce. "Masu sauri suna can gaba."

Wata shekara, wani dogon mahauci da ke fitowa a matsayin Nasara ya ce ya bar hawan jaki. Ya ji labari cewa Nasara yanzu a mota suke yawo, don haka ko a yi masa mota ko a nemi wani. Duk cikinmu ba wanda ya taɓa ganin mota. Ranar kasuwar Jega ni da Baba muka tafi rumfar fatake masu goro, ya gaishe su, ya zauna yana tambaya.

Ɗaya ya ce tana da ido biyu masu haske. Wani ya ce ƙafafunta kewayayyu ne kamar faifai. Wani ya ce tana shan ruwa da mai, tana kuma sakin hayaƙi ta baya, ba ta jin kunyar kowa. Wani Bafillace da ya zo sayen kanwa ya sa baki, ya ce shi bai gan ta da kyau ba, amma ta watsa masa shanu, saboda haka a ganinsa dangin kura ce.

"Tana da kunne?" in ji Baba.

Babu wanda ya lura. A hanyar gida ya yanke shawara shi kaɗai. "Abin da ad da ido ba shi rasa kunne. Kuma sai mun yi mata wutsiya, in ba haka ba mi za a kama a tsai da ta?"

Muka yi ta da gora da karan dawa, muka lulluɓe da zana. Ido ƙoƙo ne, ƙafafu faifai, kunnuwa kuwa na fatar akuya, dogaye, don ya ce bai son a raina ta. Ƙarti za su shiga ciki su ɗauke ta a kafaɗa, mahauci ya zauna bisa. Hayaƙi Baba ya riƙe wa kansa: kasko da garwashi da busasshen kashin jaki a hannu ɗaya, wutsiya a ɗaya hannun, yana hurawa da baki.

Saura kukan motar. Ya ja ni gefe, ya daɗe yana sosa gemu.

"Ɗana, zan roƙe ka wani abu. In ka ƙi, mu nemi ganga, kuma maganar ta mutu nan. Ka shiga cikinta ta gaba, ka ce wa jama'a barka da rana, da ƙarfi."

Na gane abin da yake nufi: i'inata ce za ta zama kukan motar. Da wani ne ya faɗa da mun yi dambe. Na shiga, na buɗe baki, barkar ta maƙale a harafin farko tana ta bugawa. Yaran da ke leƙe ta ramin zana suka watse da gudu.

Wasan Aliero ya yi kyau har mutanen Kashin Zama suka aiko a kai musu. Motar ba ta kwancewa, don haka a cikinta muka tafi, ba ma ganin komai sai ƙafafun juna, Baba na bayanmu yana cewa dama, hagu, ga kututture. Awaki suka biyo mu suna cin ta. Kafin mu isa, kunne ɗaya ya tafi, gefen hagu kuma ya yi taga. A bakin gari mata suka kawo mata ruwa a ƙwarya, sun ji an ce tana sha. Baba ya karɓa da godiya, ya tura mana ta ƙarƙashi.

Bayan wasa mai garin ya ce shi ma sai ya hau. Mutum ne mai jiki, ga manyan riguna. Baba ya yi ta ba shi haƙuri, ya ce motar ta gaji, bai ji ba. Aka cicciɓe shi aka ɗora. Mun yi 'yan taku kaɗan zanar da yake zaune a kai ta ɓarke, ya zurmo tsakiyarmu a tsaye, rawaninsa da kafaɗunsa a waje, sauran jikinsa a ciki tare da mu. Na daina kukan mota don tsoro.

"Ci gaba da kuka," in ji mai gari, ƙasa-ƙasa, bai ko dube ni ba. "Kowa shi tahi."

Haka muka kewaye filin, yana takawa da ƙafarsa yana ɗaga wa jama'a hannu, yana take mini dunduniya. Daga baya ya riƙa gaya wa baƙi cewa ya hau mota, tana da daɗi, sai dai tana gajiyar da ƙafa.

Da rani muka ga mota ta gaske. Muna dawowa daga Jega sai muka tarar da ita ta kafe a rairayi, kan hanyar Maiyama. Nasaran da ke da ita yana tsaye a gefe, fuskarsa ja wur, dogarai na tare duk wanda ya biyo hanya su ce ya tura. Baba ya kewaye ta a hankali. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙe ya kaɗe gwiwa.

"Ashe tasu ma mutane ka tahiya da ita," ya ce mini. "Sai dai su waje suka tsayawa."

Wani dogari ya nuna shi da bulala ya ce ya kama. Na ce tsoho ne, zan tura nawa in tura nasa. Kafin in gama faɗa dogarin ya gaji ya ƙyale shi. Baba bai tafi inuwa ba. Ya koma bayanmu yana cewa dama, hagu, ku ɗaga tare, mutane kuma suka bi maganarsa, har dogaran. Da ta fita ta sake kafewa a gaba, muka sake turawa, haka har rana ta karkata.

Da aka sallame mu, ya zaunar da ni a gindin tsamiya, ya sayo fura wurin wata Bafillata, ya ce in sha duka. Yana matsa mini kafaɗu, amma na ga hankalinsa ba ya wurin. Na tambaye shi ko kunnuwan ne ke damunsa.

"A'a. Wajen kunne mun fi su. Ka ga yadda Nasaran yab buɗe gefenta yash shiga?" Ya girgiza kai. "Ƙohwa, ɗana. Shekaruna nawa ina yi ma ɗakuna baibaya, ban tuna yi ma tamu ƙohwa ba."

Ya miƙe, muka kama hanyar Aliero.