Yadda bakina ya cinye min ɗorawa

Ko zan manta sunayen jikokina, kuma na fara, ba zan manta ranar da bakina ya kayar da ni a kotu a Gwarzo ba.

Rigima muke yi da maƙwabcina a Sabon Birni kan wata ɗorawa da ke iyakar gonakinmu. Na ce ta ubana ce, ya ce ta nasa uban ce. Da muka shiga, alƙali na zube wa, na yi ta jero gaisuwa. Wani siririn mutum da ke gefe da littafi da biro kuwa, ko kallo bai ishe ni ba. Ni da na gudu daga firamare a aji biyu, na ɗauka sunan 'yan makara yake rubutawa. Ashe magatakarda ne, duk abin da aka faɗa a zaman shari'a sai ya shiga littafinsa.

Halina ne, ba na iya ganin taro ya yi tsit ban ba shi dariya ba. Sai na ce ai na fi kowa sanin bishiyar nan, don a kanta uban maƙwabcin nawa ya taɓa kama ni ina satar ɗorawa, ya zane ni har na kwana uku ina barci rub da ciki. Kowa ya dara. Siririn nan bai dara ba, hannunsa kawai ke tafiya.

Sai da na koma gida ina ba da labari matata ta tambaye ni, tun yaushe mutum ke satar ɗorawar ubansa har maƙwabci ya zane shi?

A garinmu in ka yi suɓul da baka gaban mai unguwa, sai ka koma da goro ka ce raha ce, a bar ta. Don haka washegari na ɗauki ƙwan zabi na sami magatakarda, na roƙe shi ya goge ɗan layin nan.

Ya ce, "Baba, rantsuwa na yi kan aikin nan. Abin da aka faɗa ba ni da ikon cire shi. Ɗauke ƙwanka kafin shi ma ya shiga littafi."

A zama na gaba alƙali ya sa ya karanto maganata. Haka ya karanta ta tiryan-tiryan, har da rub da cikin, ko murmushi babu. Ɗorawa ta tafi.

Tun daga ranar, in na shiga wuri ba mai babbar kujera nake fara dubawa ba, mai biro nake nema, in na gan shi in ja bakina. Daddawa kuwa yanzu saya muke yi, kuma matata ba ta taɓa jefa ta a miya ba tare da ta tuna min ba.